Majami'un Lalibela, Inda Aka Fara Gini Daga Rufi

A cikin duwatsun Lasta, a arewacin ƙasar Habasha, akwai wani gari da a da ake kira Roha, wanda daga baya ya ɗauki sunan sarkin da ya ɗaukaka shi, wato Lalibela na gidan sarautar Zagwe, wanda ya yi mulki daga ƙarshen ƙarni na 12 zuwa farkon na 13 na Miladiyya. Baƙon da ya nufo garin domin ganin majami'unsa 11, in yana sa ran hango hasumiya ko ƙubba tun daga nesa, to zai sha dube-dube, domin mafi shaharar cikinsu, wadda ake kira Bete Giyorgis, ba a ganinta sai an zo bakin wani wawakeken rami an leƙa, sa'an nan a tarar da rufinta mai siffar gicciye daidai da tafin ƙafar mutum, sauran jikinta kuwa ya nutse ƙasa kimanin mita 12.

Sababin haka shi ne ba a ɗora dutse kan dutse ba. Masassaƙan sun zana siffar ɗakin a kan falalen dutse, suka haƙe kewayensa har wani ƙaton curi ya tsaya shi kaɗai a tsakiya, sa'an nan suka kutsa cikinsa da guduma da ƙarfe, suna fitar da ƙofofi da tagogi da ginshiƙai da bakan-gizo, duka daga jiki guda. Maginin ƙasa in ya karkace, sai ya rushe ya sake kwaɓi. Amma a nan abin da aka sare ya saru har abada, saboda haka wajibi ne ginin ya kammala a zuciyar ma'abocinsa tun kafin saran farko. Bete Medhane Alem, babbarsu, tsawonta ya haura mita 33, kuma da wannan sharaɗi aka fitar da ita.

Riwayar Nasaran ƙasar ta ce mala'iku ne ke ci gaba da aikin da dare in mutane sun kwanta, kuma nufin sarkin shi ne ya samar wa jama'arsa wani Baitul Muƙaddas a gida, a zamanin da Salahuddin ya karɓe na asali a 1187. Shi ya sa ma rafin da ya ratsa wurin ake ce masa Yordanos, sunan kogin da ke can yankin Baitul Muƙaddas. Wasu masana tarihi kuwa sun tafi a kan cewa sashen ɗakunan ya girmi sarkin, fada ce ko ganuwa da aka mayar wurin ibada.

Ni dai a wurina, hikimar da ta fi cancantar yabo ita ce wadda masu ziyara ke tsallakewa cikin hanzari, alhali suna ɗokin tuɓe takalma su shiga wurin limamai masu ganguna da karatu cikin harshen Gi'iz: wato magudanan ruwa. Duk ɗakin da ke cikin rami, a ƙasar da damina ke sauka da ƙarfi, tafki zai zama in ba a yi dabara ba. Sai suka karkata rufi da daɓe, suka yanka lambatu da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa masu kai ruwan can gangare. Duk da haka ruwan bai fasa cin dutsen sannu a hankali ba, har bayan da UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1978 aka kafa wa wasu ɗakunan manyan rumfunan ƙarfe, waɗanda mutanen garin da yawa ke kuka da nauyinsu da muninsu.