Tarihin Wankan Jego a Yankinmu: Daga Tukunyar Ƙasa Zuwa Rabin Duro



Duk shekara idan ranar kafa ƙungiyarmu ta zagayo, mukan ware shafi guda mu waiwayi wani abu daga tarihin matan wannan yanki. Bana mun zaɓi wankan jego, wanda mutanen Katsina da Sakkwato suke kira wankan biƙi. Dalilinmu shi ne, tun kafin a san rajista da littafin ajiya da hatimi, taimakon juna na farko da matan ƙasar nan suka sani a bakin murhun ruwan jego ake yin sa. Wata ta jawo ruwa, wata ta hura wuta, wata ta karyo ganye, wata ta riƙe jariri. Ga shi kuma yau gardama ta yi yawa a kansa. 'Ya'yanmu da suka yi boko suna cewa a daina, kakanni suna cewa duk wadda ta ƙi za ta gani a jikinta. To, kafin kowa ya yanke hukunci, bari mu bi sawun abin mu ga inda ya fito.

Yadda muka gada

A fahimtar iyayenmu, haihuwa takan bar jikin mace ɗanye, a buɗe, kuma babban abin tsoro a wannan lokaci shi ne sanyi. In ya shiga, in ji su, sai kumburi da ciwon gaɓoɓi da ciwon baya su biyo, wani ma sai an tsufa zai fito. Saboda haka komai na mai jego zafi ne: ruwan wankanta, kununta, yajinta, har ɗakin da take kwana. Shi ya sa ake cewa a gasa ta.

Shiri kuwa tun ciki yana wata shida ko bakwai ake fara shi. Maigida zai riƙa tara itace, ana jibgewa a bayan ɗaki, kuma matan unguwa da ido suke auna kulawar miji daga tsayin wannan tarin. Mai cikin fari gidan iyayenta take tafiya goyon ciki, a can za ta haihu ta yi wanka a hannun uwarta ko kakarta ko gwaggonta.

Da asuba ake ɗora babbar tukunya. In ruwa ya tafasa sai a juye, tsohuwa ta ɗauko damin ganye mai ɗanyen reshe, ta tsoma ta riƙa fyaɗa wa mai jego daga kafaɗa zuwa ƙafa, tana danna mata ciki da baya. Ganyen da aka fi sani a da su ne tsamiya da runhu da sabara. Bayan nan a zuba ruwan ɗumi da aka dafa da bagaruwa ta zauna a ciki, don wurin da ya ji ciwo ya haɗe. Ta fito a shafe ta da man kaɗanya, a miƙa mata kunun kanwa mai zafi. Da la'asar a sake. Gidan da ake yi safe da yamma har arba'in, tukunya 80 ke nan. Ku lissafa guga nawa aka ja daga rijiya, kuma hannun wa ya ja.

Ga yajin jego na citta da kanumfari da masoro da kimba, ga ƙauri na ƙafar sa da ake yi kafin suna. Ita kanwar ma ba a gonar kowa take fitowa ba. Daga wajen Barno da ƙasar Manga fatake ke kawo ta har kasuwanninmu. Ranar arba'in a yi lalle da kitso, a ɗinka sabon zane, a fita yawon arba'in a gode wa dangi.

Muna da shaidar cewa abin ya daɗe. Wata dattijuwa daga ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877, ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954. A ciki ta bayyana wankan masu jego da tafasasshen ruwa da ganye, kusan yadda kakanninmu suka ba mu labari. Kuma ba mu kaɗai ba ne a duniya. A ƙasar Sin mai jego wata guda take yi a ɗaki tana gudun sanyi. A Tailan akwai al'adar kwanciya kusa da wuta bayan haihuwa. A Maleshiya kwana 44 suke yi, da wankan ganye da tausa.

Abu ɗaya da ya kamata mu rarrabe: wankan jego al'ada ce, daban yake da wankan tsarki da addini ya wajabta idan jinin biƙi ya ɗauke. Wadda ba ta yi na jego ba ba ta da zunubi. Amma sa ganye a ruwan wanka ba baƙon abu ba ne a Musulunci, don ganyen magarya ya zo a hadisai, a wankan mamaci da kuma wankan mata bayan al'ada.

Baƙuwar da ta zama 'yar gida

In aka tambayi yarinya yau da wane ganye ake wankan jego, kafin a rufe baki za ta ce darbejiya. Alhali darbejiya baƙuwa ce. Asalinta daga Indiya ne, kuma a zamanin Turawa aka kawo ta Nijeriya, aka fara dasa ta a Barno a 1928. Daga nan ta bazu a bakin tituna da makarantu da ƙofar gidajen hakimai, musamman bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970, lokacin da hukuma ta matsa da dashen itatuwa. Mata suka lura ganyenta kore ne ko da rani, ga ta a ƙofar gida ba sai an shiga daji ba, ga ɗacinta yana kwantar da ƙaiƙayi da ƙurajen zafi. Sai suka karɓe ta.

Ma'ana, kakar kakarmu ba ta taɓa wanka da darbejiya ba. Iyayen da muke cewa ba sa son canji, su da kansu suka canza ganye da suka ga wanda ya fi sauƙi. Haka tukunyar ƙasa ta ba wa ta ƙarfe wuri, ta ƙarfe ta ba wa rabin duro, irin wanda muke turara shinkafa da shi yau.

Da ruwan Tiga ya zo

Babban canji a yankinmu ya zo ne da aikin noman rani. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Bagauda, sannan ta Tiga wadda aka gama a 1974. Aka ja ruwa ta manyan magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, a 1976 kuma aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are wadda aikin ya koma hannunta. Mu na Dawakin Kudu ma abin ya taɓa mu, don 'ya'yanmu suna aure can, nasu suna aure nan, kasuwa ɗaya muke ci.

Alherin da ruwan ya kawo ba a ɓoye yake ba: alkama, tumatir, albasa, daga baya shinkafa, wadda da yawanmu da ita muke ci muke sha. A garuruwan da ke bakin magudana, wahalar ruwan jego ta ragu ƙwarai. Amma kafin ruwa ya bi gona sai an baje ta, kuma katafila ba ta san ɗorawa ba, ba ta san tsamiya ko kaɗanya ko kuka ba. Wata mai bincike, Cecile Jackson, wadda ta zauna da matan yankin ta kuma buga littafi a kan aikin a 1985, ta rubuta yadda sare itatuwan ya taɓa sana'ar mata da samun itacen girki.

Nan wankan jego ya ji a jikinsa. Itacen da maigida kan saro kyauta ya koma sai da kuɗi. Runhu da sabara suka yi nisa. Aka koma kara da buntun shinkafa, wanda hayaƙinsa kowa ta sani. Sannan aikin rani ya cinye lokacin da a da mata ke da shi na zama da juna. Lokacin tsinkar tumatir ko turara shinkafa, wa zai bar aikinsa ya zo ya yi maka dakon wuta sau biyu a rana? A wasu gidajen sai ga mai jego da kanta tana kinkimar bokiti, kwana biyar da haihuwa. Ruwa ya matso kusa, hannayen da ke ɗaukar sa suka yi ƙaranci.

Abin da likitoci suka gano

A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa: haki, kumburi, tari. Suka bi mata sama da 200, suka buga sakamakon a 1978. Bayanin da suka bayar shi ne, kanwa tana da gishiri mai sa jiki ya riƙe ruwa, ga zafin wanka, ga kwanciya a kan gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa kamar yadda ake yi a ƙasar Zazzau, sai nauyin ya fi ƙarfin zuciya. Daga nan ne ma'aikatan lafiya suka fara faɗan da muke ji a wajen awo har gobe.

Bincike bai tsaya nan ba. Farfesa Kamilu Musa Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranci wani babban bincike a asibitoci da dama na Nijeriya, a kan mata sama da 400 masu wannan ciwo, aka buga a 2020. Su ba su samu hujjar cewa wanka ko kunun kanwa ne ke haddasa ciwon ba. Abin da suka fi gani tare da shi shi ne rama, da hawan jinin masu ciki, da rashin karatu, da rashin sana'a. Ku duba fa, biyu na ƙarshen nan su ne ainihin abin da ya sa aka kafa ƙungiya irin tamu.

Wannan ba ya nufin a ci gaba da komai yadda yake. Ruwan da ke saɓule fata ƙuna ce, ko wane ganye aka sa masa. Mai hawan jini kanwa ba tata ba ce. Wadda aka yi wa ɗinki ko aka yi wa aiki aka ciro jariri, abin da ma'aikaciyar lafiya ta ce shi za a bi. Sannan babban haɗari shi ne mace ta kumbura tana haki, a ce ai sanyi ne, a ƙara wuta, a ƙara kanwa, har lokaci ya ƙure. Mun san gidajen da aka yi wannan rashi, Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Abin da za mu riƙe

In mun duba tarihin nan, ganye ya canza, tukunya ta canza, makamashi ya canza. Abin da iyayenmu ba su taɓa yarda ya canza ba shi ne, macen da ta haihu ba a barin ta ita kaɗai har kwana arba'in. Ana ɗauke mata daka da girki da ɗiban ruwa. Ana ciyar da ita mai kyau. Kullum akwai babbar mace da ke ganin jikinta sau biyu a rana, wadda in wani abu ya canza ita za ta fara gani. Ɗumin ruwa da ƙamshin ganye da tausa suna saki jiki, suna kawo barci, wannan duk wadda ta yi ta sani. Amma rabin maganin hannun da ke yi ne.

Saboda haka muna kawo shawara huɗu gaban babban taro.

Na ɗaya, ruwan wanka a surka shi. Mai yi ta fara tsoma gwiwar hannunta. In ba za ta iya jurewa ba, 'yar mutane ma ba za ta iya ba. Kanwa kuma a rage, kunun gyaɗa da na tsamiya suna nan.

Na biyu, kowace mai yi wa wata wanka ta haddace alamun nan: haki ko kasa kwanciya a miƙe, kumburin ƙafa da fuska, ciwon kai mai tsanani, jijjiga, zubar jini da yawa, zazzaɓi, ko wari daga gaba. In an ga ɗaya, ba a jiran gobe, asibiti za a nufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba mai jego a ranar farko, da rana ta uku, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da kuma mako shida. Mako shida kwana 42 ne, kusan arba'in ɗinmu ke nan. A sa asibiti cikin gidajen da za a je yawon arba'in.

Na uku, mu ware wani abu daga ribar shekara don asusun jego, na itace ko gawayi, da abinci, da kuɗin mota in ta ɓaci. Mu kuma raba kwanaki a tsakaninmu, yadda duk 'yar ƙungiya da ta haihu za ta san wadda za ta zo mata kowace safiya, ko da ana tsakiyar kakar tumatir.

Na huɗu, kowane gida ya dasa itace a daminar bana, tsamiya ko bagaruwa ko magarya. Tsamiya ba ta saurin girma, mun sani. Wadda muka yi wanka da ganyenta ma wata ce ta bar ta a gona ba ta sare ba.

Iyayen gida, ku ma da naku. Kakanninku da tarin itace aka san su. Yau ko ba a tara itace ba, a tara kuɗin awo da na haihuwa tun ciki yana ƙarami, kuma in aka ce a tafi asibiti da tsakar dare, kada izini ya zama abin jira.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, haka muka ji daga iyaye, kuma a kansa muka kafu. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba masu jego lafiyar shayarwa, Ya raya abin da aka haifa, Ya saka wa tsofaffin da suka yi mana wanka da Aljanna. Allah Ya maimaita mana na baɗi, amin.