Tarihin Binciken Ƙwayoyin T Masu Tsawatarwa a Garkuwar Jikin Ɗan Adam

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin yadda masana suka gano cewa a cikin garkuwar jiki akwai ƙwayoyin da aikinsu shi ne tsawatar wa 'yan'uwansu. Kamar yadda muka sani, ƙwayoyin B su ne ke samar da sinadaran kariya, wato antibodi. In babu mai taka musu burki, sai su juya su far wa jikin da suke karewa.

A shekarar 1970 ne Richard Gershon da Kazunari Kondo na Jami'ar Yale a Amurka suka nuna cewa wasu ƙwayoyin T na ɓeraye kan danne martanin garkuwa. A 1974 kuma Thomas Waldmann da abokan aikinsa suka gwada batun a kan mutane. Sun haɗa ƙwayoyin jinin wasu marasa lafiya masu ƙarancin antibodi da na masu lafiya, sai ƙwayoyin B na masu lafiyar suka rage aiki ƙwarai.

Sai dai fagen ya yi tuntuɓe. An daɗe ana dogaro da wata alama mai suna I-J wajen gane waɗannan ƙwayoyi, amma a farkon shekarun 1980 aka bincika inda ake zaton ƙwayar gadonta take, aka tarar babu ita. Nan take masana da dama suka juya wa batun baya.

Shimon Sakaguchi na Japan bai karaya ba. A 1995 ya nuna cewa alamar CD25 ce ke bambanta su. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano ƙwayar gado ta FOXP3, wadda lalacewarta ke haddasa cutar IPEX ga jarirai maza, inda jiki ke ƙera antibodi masu yaƙar gaɓoɓinsa. A 2011 aka tabbatar akwai rukunin masu tsawatarwa da ke shiga har cikin kaluluwa, inda ake tace ƙwayoyin B. Sakaguchi da Brunkow da Ramsdell ne suka sami Kyautar Nobel ta 2025.

Daga ƙarshe, muna ganin kuskuren shekarun 1980 ya taso ne daga haɗa alama da abin da take nunawa: da alamar ta faɗi, sai aka yar da ƙwayoyin tare da ita, har tsawon shekara goma da 'yan kai.