Bazawara a Gidan Ƙanwarta: Tarihin Blanche DuBois Daga Dandamali Zuwa Majigi, 1947–1951

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarun 1930, lokacin da R. M. East ya fitar da Six Hausa Plays, rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa ya taso ne a hannun malaman makaranta da ma'aikatan hukuma, kuma gargaɗi da gyaran hali su ne jigoginsa mafi rinjaye. Wannan asali ya shafi irin matan da ake gani a cikinsa. Kyallu ta Shu'aibu Maƙarfi karuwa ce da ta shiga gidan Malam Jatau ta ga bayan dukiyarsa. Halima ta cikin Uwar Gulma abar tausayi ce a hannun Hayatu. Zaliha ta cikin Kulɓa Na Ɓarna (1979) 'yar makaranta ce da Alhaji Ruwan Ido ya ruɗa da abin duniya. Ko dai macen ta cuci wani ko kuwa a cuce ta, mai kallo dai yana gefe yana yanke hukunci. Haka abin yake a ƙananan littattafan da aka riƙa sayarwa a kasuwar Anaca a shekarun 1950 da 1960, inda jan kunnen samari game da 'yan matan birni ya zama babban jigo. Wadda ta yi ƙaranci ita ce macen da ke yi wa kanta ƙarya, ta san ƙarya ce, amma ba ta iya kwana ta tashi sai da ita.

Wannan maƙala ta ɗauko irin wannan tauraruwa daga adabin Amurka, wato Blanche DuBois ta cikin A Streetcar Named Desire na Tennessee Williams (1911–1983), domin a ga yadda aka gina ta, da kuma yadda zamaninta ya kasa haɗiye ta yadda take.

2.0 Gidan da ya rushe

An fara nuna wasan a New York ranar 3 ga Disamba, 1947, ƙarƙashin jagorancin Elia Kazan. An maimaita shi sau 855, ya kuma ci lambar Pulitzer a 1948. Fitowa 11 ne, dukkansu a wani gida mai ɗaki biyu a birnin New Orleans da harabarsa. Sunan wasan ya samo asali daga wani taragon lantarki da ya taɓa bin dogo a cikin wannan birni, wanda sunan layinsa ke nufin sha'awa.

Blanche 'yar dangi ce daga jihar Mississippi, zuriyar masu manyan gonakin kudancin Amurka waɗanda arzikinsu ya fara zagwanyewa bayan yaƙin basasa na 1861–1865. Gidan gadonsu, Belle Reve, bashi ya cinye shi: kakanni sun yi almubazzaranci, tsofaffin gidan sun yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana jinya da binnewa da albashin malamar sakandare. Ta yi aure tana ƙarama, ta kama mijin nata, Allan, da wani namiji, ta gaya masa baƙar magana a wurin rawa, ya fita ya harbe kansa. Bayan haka ta shiga bin maza a garin Laurel har aka kore ta daga aiki saboda wani ɗalibi ɗan shekara 17. Da wannan kaya ta sauka gidan ƙanwarta Stella, wadda ke auren Stanley Kowalski, tsohon soja, mai asali daga Poland.

Bahaushe bai buƙatar dogon bayani kafin ya gane wannan zama. Bazawara ce da shekaru suka fara ja, ba gidan uba, ba sana'a, ta raɓe a ɗakin ƙanwa, mijin ƙanwar yana ƙirga lomarta. Hanyar fita ɗaya ce, wato aure, kuma auren ba zai samu ba sai an rufe abin da ya wuce. Daga nan ƙaryarta ta samo tushe.

3.0 Fitila, wanka da kiɗa

Williams bai bar wa baki kaɗai aikin bayyana halin Blanche ba, ya ɗora shi a kan kayan dandamali. Ta sayo kwalliyar takarda ta rufe ƙwan lantarkin ɗakin don kada a ga shekarunta. Ba ta yarda Mitch, abokin Stanley da ke neman aurenta, ya gan ta da rana tsaka ba. Tana yawan daɗewa a wanka da ruwan zafi, wai don jijiyoyinta su kwanta. Tana shan giya a ɓoye, tana cewa ba ta cika sha ba. Akwatinta cike da tufafi da sarƙoƙin jabu, waɗanda Stanley ya ɗauka kuɗin gidan gado ne aka narkar.

Ƙaryar tata hawa biyu ce, kuma manazarci zai yi kuskure in ya haɗa su. Rage shekaru da nuna wa Mitch kamun kai dabara ce ta mai neman mafaka, tana sane da ita sarai, har ta amsa ta da bakinta ranar da ya yage takardar fitilar ya dube ta. Amma labarin attajirin nan Shep Huntleigh, wanda wai zai zo ya ɗauke ta yawon teku, ya fara ne a matsayin abin faɗa don kare mutunci, ya ƙare ita kanta tana jiran sallamarsa. Tsakanin hawan farko da na biyu akwai abubuwa uku da aka yi mata: Stanley ya tono tarihinta ya kai wa Mitch, ya ba ta tikitin mota na komawa Laurel a ranar bikin haihuwarta, sannan ya yi mata fyaɗe a daren da Stella ke asibiti wurin haihuwa.

Babbar hikimar marubucin ita ce kiɗan rawar daren da Allan ya mutu. Duk lokacin da abin ya motsa mata sai kiɗan ya tashi, ba wanda ke jin sa a dandamali sai ita, sai kuma 'yan kallo. Da wannan aka ɗauke mai kallo daga kujerar alƙali aka sa shi cikin kanta. Abin lura ne cewa wasannin Maƙarfi, da suka fara rayuwa a rediyon Kaduna inda kunne ne komai, suna da damar yin irin wannan, amma manufarsu ta jan kunne ba ta bukaci a shiga zuciyar Kyallu ba.

Ba a rasa alaƙar wannan tausayi da gidan su Williams ba. Yayarsa Rose ta yi fama da taɓin hankali, a 1943 aka yi mata aikin ƙwaƙwalwa da ya nakasa ta har ƙarshen ranta.

Kafin fitowa ta ƙarshe Blanche ta riga ta gaya wa Stella abin da Stanley ya yi mata. Wannan karon gaskiya ta faɗa. Stella ta zaɓi kada ta yarda, domin in ta yarda ba ta da inda za ta kai jaririnta, maƙwabciyarsu Eunice kuma ta ƙarfafa mata gwiwa a kan haka. Aka kira likita ya tafi da Blanche gidan masu taɓin hankali, maza na can suna karta. Ashe yaudarar kai ba ta Blanche kaɗai ba ce a gidan, sai dai ta Stella tana da miji a bayanta.

4.0 'Yan kallo da masu tacewa

Tun daga nunin farko aka sami matsala. Jessica Tandy ce ta fito a Blanche, amma kwarjinin Marlon Brando a matsayin Stanley ya sa 'yan kallo da yawa suka koma bayansa, suna dariya idan ya ci mata fuska. Kazan da kansa ya ambaci wannan damuwa daga baya. A 1949 Laurence Olivier ya shirya wasan a Landan da matarsa Vivien Leigh, ita ce kuma ta sake fitowa a fim ɗin 1951, inda ta ci lambar Oscar.

A wurin fim ɗin ne hukuma ta sa hannu. Ofishin tace finafinai na Hollywood, ƙarƙashin Joseph Breen, ya sa aka goge ainihin abin da Blanche ta gani game da Allan, aka mayar da fyaɗen ishara da fashewar madubi. Sharaɗinsa mafi nauyi shi ne dole mai laifi ya ga sakayya. Saboda haka aka sauya ƙarshen: Stella ta ɗauki jaririnta ta haye bene wurin Eunice, tana alwashin ba za ta koma ba. An hukunta Stanley, amma an zare ƙashin bayan wasan, domin Stella da ta gudu ta daina zama madubin yayarta, labarin ya koma irin wanda ake rufewa da ladabtar da azzalumi, kamar yadda aka saba a zauren alƙali na wasannin gargaɗi. Duk da haka ƙungiyar 'yan Katolika mai sa ido kan finafinai ba ta gamsu ba, kamfanin Warner Bros ya ƙara yanke 'yan mintuna ba da sanin Kazan ba. A 1993 aka mayar da waɗannan mintuna cikin fim ɗin, amma ƙarshen da Breen ya nema yana nan yadda aka ɗauke shi a 1951.