Kuɗin da ake aikowa gida: daga goron Gwanja zuwa alat ɗin Jidda

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda 'yan uwa da data ba ta isar su sauraro.

Tun da dala ta haura naira 1,000 ake wata magana a majalisun Daurawa da Gyadi-Gyadi, wai duk gidan da ke da ɗa a waje ya huta, kakarsu ta yanke saƙa. To bari mu yi lissafi tukuna. Tun 1986 Saudiyya ta ɗaure kuɗinta a kan riyal 3.75 duk dala ɗaya, har yau bai motsa ba. Ke nan wanda ya aiko wa mahaifiyarsa riyal 1,000 daga Jidda, kusan dala 267 ya aiko, ko bara ne ko shekara ashirin da suka wuce. A 2015, da dala take wajen naira 197 a farashin gwamnati, kuɗin nan ya kama naira 52,000 da 'yan kai. A 2024, da dala ta kai wajen 1,500, ya koma naira 400,000. A ido riba ce babba. Amma a 2015 buhun shinkafa bai kai naira 10,000 ba a yawancin kasuwanni, a 2024 kuwa ya taka 80,000. Ka raba da kanka. Buhu biyar ko shida ne a 2015, buhu biyar ne a 2024. Sifilai ne suka ƙaru a alat ɗin Hajiya, tukunyarta kuwa tana nan yadda take.

Kuma wannan lissafin ya tsaya ne a kan cewa yaron yana iya aiko da riyal 1,000 ɗin kamar da. Tarihinmu ya nuna ba kullum yake iyawa ba, kuma abin da ke hana shi galibi ba daga halinsa yake ba.

Mu ɗan koma baya. Bahaushe ya daɗe yana fita nema. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kano da kanwa da tufafin rini da fatu, su yi watanni a hanya har Salaga a ƙasar Gwanja, arewacin Ghana ta yau, su dawo da goro. A lokacin ba a aiko kuɗi, mutum ne ke dawowa da dukiyar a kan jakuna. Da Turawan Ingila suka ci Asante da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai kasuwar ta tashi, Hausawa suka bi ta zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Akra. Alhassan Ɗantata ma a wannan hanya ya fara. Me ya dawo da shi gida ya zauna? Jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912, riba ta koma nan. Ku riƙe wannan: mutum kan tafi inda kuɗi yake, in kuɗin ya dawo gida shi ma ya dawo.

Zamanin Turawa ne ya mayar da fita nema dole. Haraji da kuɗin Bature ake biya, manomi kuma ba ya ganin kuɗi sai bayan kaka, wata shekarar ma bai gani ba. Wani masani Bature mai suna Mansell Prothero ya sa an ƙirga masu fita daga lardin Sakkwato a ranin 1952 zuwa 1953, aka sami mutum fiye da 250,000, cikinsu har da waɗanda suka ratso daga yankin Faransa, wato Nijar ta yau. Wasu sun nufi gonakin koko na ƙasar Yarbawa, wasu Gwalkwas. Cin rani ke nan: ka rage wa rumbu baki ɗaya, ka dawo da kuɗin haraji, da turmin atamfa, in Allah ya taimaka har da keke ko kuɗin aure.

Gwalkwas, wadda ta zama Ghana a 1957, ita ce Saudiyyar wancan zamanin. Koko yana tsada, aiki ko'ina, zango-zango cike da mutanenmu. Sai farashin koko ya faɗi warwas a 1965. Shekara ta zagayo sojoji suka kifar da Nkrumah, a 1967 aka karya darajar sidi. Da aiki ya yi wuya sai ido ya koma kan baƙo. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Dubun dubatar mutane suka fito, Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa, wasu a can aka haife su, ba su ma san hanyar garin iyayensu ba. Aka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. Ka ɗauki gida a ƙauyen Katsina ko Maraɗi wanda ya shekara ashirin yana jiran saƙon Kumasi. Rana ɗaya saƙon ya yanke, mai aikowar kuma ga shi a ƙofar gida da mata da yara, su ma sai an ciyar da su.

Mu kan ba da labarin nan da ɓacin rai, mu manta cewa mu ma mun yi. Man fetur ya yi tsada daga 1973, Najeriya ta zama wurin zuwa. A 1980 naira ɗaya ta kusa dala biyu a farashin gwamnati, wato ta haura sefa 350. Ɗan Nijar da ya yi gadi ko ga-ruwa a Kano na wata biyar yakan koma Damagaram da abin sayen raƙumi ko biyan sadaki. Sai mai ya faɗi. Ranar 17 ga Janairu 1983 gwamnatin Shagari, ta bakin ministan cikin gida Ali Baba, ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu. Mako biyu fa, daidai wa'adin Busia. An ƙiyasta mutum wajen miliyan biyu ne suka fita, kusan rabinsu 'yan Ghana, daga nan jakar nan ta samo sunan Ghana Must Go. An fake da rikicin Maitatsine na Disamba 1980 an ce baƙi ne matsala, amma ni dai a ganina baitulmali ne ya bushe aka nemi wanda za a nuna wa yatsa.

Abin da ya biyo baya ya fi muni. A Afrilu 1984 gwamnatin Janar Buhari ta canza takardun kuɗi ta rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai 1986. Kuma a 1984 ɗin damina ta ƙi. Manomin Nijar wanda ya saba in gero bai yi ba ya gangaro Kano ya yi ƙwadago ya aika gida, ya tarar da ƙofa a rufe, tsohuwar nairar da ya ɓoye a buta ta zama takarda. Har yau a wasu sassan Nijar sunan da ake kiran yunwar wannan shekarar shi ne El Buhari. Mutane ba sa raɗa wa yunwa sunan mutum haka kawai.

Daga Satumba 1986, da Babangida ya shigo da tsarin SAP aka saki naira, sai akalar ta juya. Dalar da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985 ta koma wajen naira huɗu a 1987. Masaƙu da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka fara rage ma'aikata, daga baya da yawa suka rufe. Mu da ake zuwa nema wurinmu muka koma masu fita. Takari dama sun daɗe a ƙasa mai tsarki, tun zamanin tafiya a ƙasa ta Sudan, amma yanzu zaman ya koma na nema: a tafi Umara a maƙale, mata aikatau, maza wanki da dako da tuƙi. 'Yan Kano-Jidda suna kai-komo da kaya, saƙo kuma ta hannunsu yake zuwa, ko a ba wani riyal a can, ɗan uwansa ya biya naira a Wapa. Yawancin wannan kuɗin bai taɓa shiga littafin Babban Banki ba. Shi ya sa in kun ji an ce 'yan Najeriya mazauna waje suna aiko da wajen dala biliyan 20 a shekara, ku sani wannan na banki ne da kamfanonin aike, wanda galibinsa daga Amurka da Ingila yake. Na talakan Kano da ke Jidda lissafinsa daban.

Saudiyyar ma ba ta tsira ba. Gangar mai da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a Janairu 2016. Me gwamnati ta yi? Daga Yuli 2017 ta ɗora wa baƙo mai igama harajin riyal 100 a wata kan kowane mutum da yake riƙo, mata ko ɗa, aka riƙa ƙara shi shekara-shekara har 2020. A 2018 ta sa harajin sayen kaya na kashi 5 cikin 100, a 2020 ta ninka shi uku. Aka keɓe wa 'yan ƙasa wasu sana'o'i, aka tsananta kamen marasa takarda, jirage suka riƙa sauke mutanenmu a filin jirgin Malam Aminu Kano. Wanda ya tsira kuma, abin da ke saura a hannunsa bayan haya da abinci ya ragu, kuma daga ragowar nan ake aikowa. A gida ba a ganin wannan. Abin da ake cewa shi ne yaro ya canza, ya sami wuri ya manta da iyaye. Zumunci nawa ne ya lalace a kan abin da farashin ganga ya jawo?

Na Libiya gajere ne. Yaƙin 2011 ya kawar da Gaddafi, dubun dubatar 'yan Nijar suka dawo Tawa da Damagaram da Agadas hannu rabbana, daminar shekarar kuma ba ta yi kyau ba, 2012 ta zo da ƙarancin abinci.

Shekarar korona ce ta fi ba ni mamaki. A Afrilu 2020 Bankin Duniya ya yi hasashen kuɗin aike zai ragu da kusan kashi 20 cikin 100. Da shekara ta ƙare, ragin da aka gani a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali bai kai kashi biyu ba. Mutane sun matse cikinsu sun aika, domin sun san gida ya fi su shiga uku. Wannan halin mai aike ne: in wahala ta ƙaru a gida yakan ƙara, muddin yana da aiki. Amma na Najeriya ya faɗi da kusan kashi 28. Shin namu ne suka fi kowa rowa? Ko kusa. A lokacin banki yana ba da wajen naira 380 a dala, kasuwar bayan fage tana ba da fiye da 450. Wa zai yarda ya yi asarar naira 70 a kowace dala? Kuɗin ya shigo, ta bayan gida ya bi. Sai ga Babban Banki a Maris 2021 yana roƙo, wai duk dalar da ta zo ta banki za a ƙara maka naira 5. Naira biyar, a kan giɓin da ya ninka haka sau goma. A ƙarshen 2020 an ce a riƙa biyan mutane da dala, a Janairu 2024 aka ce a'a, naira kawai. Dattijuwar da ke layi a banki a Titin Zariya ba wanda ya tambaye ta wanne ya fi mata.

Yanzu ku leƙa layinku. Mai gadin gidan Alhaji a Tarauni, mai tura kurar ruwa a Daurawa, mai wankin takalmi a bakin Court Road, da yawansu daga Maraɗi da Damagaram da Tawa suke. Su ne 'yan wajen wani gida, akwai uwar da ke jiran saƙonsu kamar yadda tamu ke jiran na Jidda. Bambancin shi ne, faɗuwar naira da ke kumbura alat ɗinmu ita ke cinye nasu. Sefa tana ɗaure da yuro, kusan 656 a kowane ɗaya, ko da yake ita ma an raba darajarta biyu a Janairu 1994. Nairar da ta haura sefa 350 a 1980, a 2024 sai ka ba da wajen naira 2,500 kafin a ba ka jaka ɗaya, wato sefa 1,000. Mai gadin da ake biya naira 30,000 a wata, in ya canza duka bai ci ko sisi ba, jaka goma sha biyu ce. Ga rufe iyaka na Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ga na bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 wanda Najeriya ba ta ɗage ba sai Maris 2024. In ka lura wasu da ka saba gani duk rani sun daina zuwa, tambayi 'yan uwansu, za su ce maka sun nufi Aljeriya ko Libiya ko wuraren haƙar zinariya na Agadas, hanyoyin da ake mutuwa a kansu.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji jami'an gwamnati suna alfahari da biliyoyin da 'yan waje ke aikowa kamar su suka nemo. Kuɗin nan kuɗin magani ne da haya da makaranta da buhun masara, kuma yawansa yana hannun farashin mai da dokar wata ƙasa da ba mu da ƙuri'a a cikinta. Abin da ke hannun gwamnatinmu ƙalilan ne, kuma sananne: farashin canji guda ɗaya wanda ba ya tsalle, iyakar da ba a rufewa don fushin shugabanni, da kuɗin aikawa. Aika dala 200 zuwa Afirka kudu da Sahara yana cin kusan kashi 8 cikin 100, ya fi na kowane yanki a duniya tsada, alhali ƙasashe sun sa hannu a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa kafin 2030 zai sauko ƙasa da kashi 3. Dala 16 ke nan a kowace 200, a canjin 2024 wajen naira 24,000, kusan albashin mai gadin nan na wata guda.

A nan za mu dakata. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu shiga Wapa, mu ji yadda 'yan canji suka fara a Fagge.