Borin gyaɗa a jikin yara: yadda ya ƙaru, da dalilin da ya sa ya fara ja baya

Iyayen da suka sa 'ya'yansu makaranta a Birtaniya ko Amurka sun san takardar nan da ake aikowa gida, mai hana sanya gyaɗa a abincin yara. Ga wanda ya tashi da ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa, abin kan zo da mamaki. Sai dai dokar tana da dalili.

Borin jini, wanda likitoci ke kira alaji, yana faruwa ne idan garkuwar jiki ta ɗauki abu marar lahani a matsayin abokin gaba. Yaron da jikinsa bai jitu da gyaɗa ba kan yi ƙuraje da ƙaiƙayi da kumburin leɓe, wani lokaci numfashi ya toshe cikin mintoci, har ta kai ga rasa rai idan ba a yi allurar adrenalin da gaggawa ba.

Wani bincike a Amurka ya nuna cewa yaran da aka ce suna da matsalar sun tashi daga kashi 0.4 cikin 100 a 1997 zuwa kashi 1.4 a 2008. A wannan lokacin ne hukumomin lafiya, a Birtaniya daga 1998 da Amurka daga 2000, ke shawartar a jinkirta ba yara masu haɗarin kamuwa gyaɗa har su kai shekara uku. Shawara ce da aka bayar da kyakkyawar niyya, amma ba ta da hujja mai ƙarfi.

Farfesa Gideon Lack na Landan da abokan aikinsa sun lura a 2008 cewa yaran Yahudawa a Birtaniya sun ninka na Isra'ila kusan sau goma wajen kamuwa. Bambancin? A Isra'ila jarirai na cin Bamba, wani abin taɓawa na gyaɗa, tun suna 'yan watanni. Sai suka gwada a kan jarirai 640. Sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna cewa a shekara biyar, kashi 17 cikin 100 na waɗanda aka hana sun kamu, a kan kashi 3 kacal na waɗanda aka riƙa ba su.

Amurka ta sauya ƙa'idarta a 2017, kuma wani nazari da aka wallafa a 2025 ya gano cewa sabbin kamuwa tsakanin ƙananan yara sun ragu sosai. A Ostireliya kuwa raguwar ba ta taka kara ta karya ba, duk da cewa iyaye da yawa sun bi sabuwar shawarar.

Yanzu ana ba da shawarar fara ba jariri gyaɗa wajen wata shida, a niƙe kuma a dame, domin ƙwayarta na iya shaƙe shi. Jaririn da ke da tsananin ƙurajen fata ko borin ƙwai, a fara kai shi wurin likita.