Abin da ya kamata a duba idan kwamfutar ofis ta ƙi buɗuwa daga nesa

Ma'aikata da dama suna shiga kwamfutarsu ta ofis daga gida ko daga wani gari ta manhajar Remote Desktop ta kamfanin Microsoft, wadda a Windows na Faransanci ake kira Connexion Bureau à distance. Idan ta ƙi haɗuwa, aiki ya tsaya ke nan. Galibi matsalar tana wuri ɗaya cikin huɗu, kuma ya fi kyau a bi su ɗaya bayan ɗaya, daga mafi sauƙi.

1. Kwamfutar ofis

Dole ta kasance a kunne. Wadda aka kashe ko ta shiga barci ba ta amsawa. Inda ake yawan ɗauke wuta, nan za a fara dubawa: a kira wani a ofis ya leƙa ta. Masu kula da kwamfutoci na iya saita BIOS yadda za ta tashi da kanta in wuta ta dawo.

Sai a tabbatar an ba da izinin shiga daga nesa, a Paramètres, Système, Bureau à distance. Windows na Pro, Enterprise da Education ne ke karɓar baƙo. Na Home, wato Famille, yana iya shiga wata kwamfuta, amma ba a shiga shi ta wannan hanya.

2. Hanya

Yawancin ofisoshi ba sa barin a shigo sai ta VPN. A fara kunna shi, sannan a buɗe manhajar. Idan saƙo ya ce ba a ga kwamfutar ba, wataƙila adireshinta na IP ya canja bayan ta mutu ta tashi. A sa wanda ke ofis ya rubuta ipconfig ya karanto sabon.

Manhajar tana bi ta ƙofa mai lamba 3389. Don sanin ko katangar tsaro ta toshe ta, a buɗe PowerShell a rubuta Test-NetConnection, sai sunan kwamfutar, sai -Port 3389. In an ga True, hanya a buɗe take.

3. Suna da kalmar sirri

Asusun da ba shi da kalmar sirri ba ya shiga daga nesa, haka ma sau da yawa wanda wa'adin kalmarsa ya ƙare. A lura da allon rubutu: a kan AZERTY da QWERTY, haruffan A da Q, Z da W, da M ba wuri ɗaya suke ba. Kada a yi ta gwadawa, domin ofisoshi da yawa suna kulle asusu bayan kuskure ya yawaita. Kuma sai sunan mutum yana cikin rukunin Utilisateurs du Bureau à distance, ko kuma shi mai kula da kwamfutar ne.

4. Agogo da sabuntawa

Tsarin tantancewa na Kerberos, wanda ofisoshi ke amfani da shi, kan ƙi karɓar kwamfutar da agogonta ya saɓa da fiye da minti 5. Wannan ya shafi matafiya: Ghana tana bayan Nijar, Kamaru da Chadi da awa 1, Sudan kuma tana gabansu da awa 1. In an tsallaka iyaka, a canja yankin lokaci, kada a juya agogo da hannu.

Saƙon da ya ambaci CredSSP yana nufin ɗaya daga cikin kwamfutocin ba ta samu gyaran tsaro na 2018 ba. Maganinsa a sabunta su duka biyun.

Gargaɗi

Kada gaggawa ta sa a buɗe ƙofar 3389 kai tsaye ga intanet ko a kashe katangar tsaro. Masu kutse suna farautar irin waɗannan ƙofofi domin kulle bayanai su nemi kuɗin fansa. Idan an bi matakan nan ba a dace ba, a ɗauki hoton saƙon da ya fito a tura wa mai kula da kwamfutocin ofis.