Wutar da Aka Ƙi Kira da Sunanta

Da misalin ƙarfe 7:30 na daren Laraba, 18 ga Nuwamba, 1987, fasinjoji a tashar King's Cross da ke Landan suka sanar da ma'aikata cewa sun ga wuta a ƙarƙashin matakalar da ke hauro da mutane daga layin Piccadilly. Tashar ta jiragen ƙarƙashin ƙasa ce, tana cikin mafiya cunkoso a birnin. Matakalar kuma irin mai tafiya da kanta ce, ka tsaya ta kai ka sama. Da katako aka yi takunta, an kafa ta tun wajen farkon Yaƙin Duniya na Biyu. 'Yan kwana-kwanan da suka fara isowa sun kwatanta girman wutar da ta babban kwali. Da ƙarfe 7:45 sai harshen wuta da baƙin hayaƙi suka yi tsiri daga ramin matakalar suka cika zauren sayar da tikiti. Mutum 31 suka rasu, har da jami'in kwana-kwanan da ya jagoranci rukunin farko.

Mafarin abin ba shi da wuyar fahimta. Tun 1984 aka hana shan sigari a cikin jiragen, bayan gobarar tashar Oxford Circus a ƙarshen shekarar kuma aka faɗaɗa dokar zuwa sassan tashoshi da ke ƙarƙashin ƙasa. Amma mashaya sun saba kunna sigarinsu a kan matakala in sun kusa fita. Binciken da aka yi ya nuna cewa wani ne ya yar da ashana mai wuta, ta zurara ta gefen taku ta faɗa kan giris da ƙura da tarkace da suka shekara da shekaru suna taruwa a ƙasa. Da masu bincike suka leƙa ƙarƙashin matakalar sun tarar da tabon ƙuna a wurare da dama, alamar wuta ta sha tashi a nan tana mutuwa da kanta.

Wannan tabon ne ya fi tsaya mana a rai. Mu da sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce mun san irinsa sarai. Kuskure ne yake bayyana a rajista kullum, bai taɓa rusa komai ba, sai mu rubuta masa "sananne" mu wuce. Bayan shekara ɗaya ba mai ganinsa ko da yana gaban idonsa. Hukumar jiragen Landan ta yi wa wuta irin wannan lakabi. Lauya Desmond Fennell, wanda gwamnati ta naɗa ya jagoranci binciken, ya tarar da cewa a bakin ma'aikata da cikin takardunsu ba a cika cewa gobara ta tashi ba. Wata kalma suke amfani da ita mai nufin wutar da ke ci a hankali ba harshe, irin wutar ƙaiƙayi. Manyan hukumar sun ɗauka cewa a tsohon tsari irin nasu tashin wuta ba makawa ne, kuma tun da ba a taɓa rasa rai a gobarar matakala ba, ba za a rasa ba. Ƙa'idar aiki ma cewa ta yi ma'aikaci ya fara gwada kashe wuta da kansa, sai ta fi ƙarfinsa ya kira 'yan kwana-kwana.

Saboda haka duk abin da aka tanada domin irin wannan dare ya zama ado. Akwai na'urar feshin ruwa a ƙarƙashin matakalar, ba wanda ya kunna ta. Ma'aikacin da ya sauka wurin da tukunyar kashe wuta a hannu ya je, bai saba da na'urar ba, zafi ya hana shi matsawa kusa. Tashar ba ta da tsarin fitar da jama'a da aka taɓa gwadawa. Ɗan sandan da ya ga wutar sai da ya hau sama kafin ya iya kira, domin oba-obarsa ba ta aiki a ƙarƙashin ƙasa. Sauran 'yan sandan, da kyakkyawar niyya, suka riƙa kora fasinjoji su hau ta matakalar layin Victoria, ita kuma a zauren tikitin nan take sauke mutane. Ba za mu ɗora musu laifi ba. Ba wanda ya taɓa koya musu taswirar tashar ko halin wuta a rami.

Halin wutar ma, a gaskiya, masanan kansu ba su san shi ba. An fara zargin fentin silin, wanda aka yi ta shafawa wani kan wani tsawon shekaru. Sai aka ba cibiyar bincike ta Harwell aikin kwaikwayon gobarar a kwamfuta. Sakamakon ya ba kowa mamaki: maimakon harshen wutar ya miƙe sama kamar yadda muka sani, sai ya kwanta a cikin kwarin matakalar mai gangaren digiri 30, yana bin ta kamar ruwa a lambatu, yana gasa katakon da ke gaba har ya kai ga kamawa gaba ɗaya. Da farko an yi shakkar lissafin. Mu ma da muna wurin da mun ce a koma a duba, wataƙila kuskure ne a manhajar. Aka gina matakala mai kashi ɗaya cikin uku na girman ta ainihi a Buxton aka cinna mata wuta, wutar ta kwanta kamar yadda kwamfuta ta faɗa.

Da hukumar ta so, a nan za ta fake, ta ce ga shi abin da kimiyya ma ba ta sani ba ne ya faru. Fennell bai bar mata wannan ƙofa ba. Rahotonsa da ya fito a Nuwamba 1988, ɗauke da shawarwari 157, ya nuna cewa ba sai ka san yadda wuta ke kwanciya ba kafin ka share giris, ka horar da ma'aikaci, ka kira 'yan kwana-kwana da ganin hayaƙi. Ya kuma gano abin da ya fi wannan muni. Injiniyoyin matakala sashensu daban, masu kula da tasha nasu daban, kowa yana tsare da gonarsa, babu mutum ɗaya da za a nuna a ce lafiyar fasinja a wuyansa take. An ƙware wajen hana jirgi karo da jirgi, amma da zarar fasinja ya sauka ya taka dandamali sai ya zama ba na kowa ba.

Sir Keith Bright, shugaban hukumar sufurin Landan, da Tony Ridley, shugaban kamfanin jiragen ƙarƙashin ƙasa, sun ajiye aiki. Ba a gurfanar da kowa a kotu ba. Muna iya cewa murabus kaɗai ya yi arha a kan rai 31, kuma muna ganin haka ne. Sai dai aiki ya biyo baya. An hana shan sigari a ko'ina cikin tashoshin kwanaki kaɗan bayan gobarar. A 1989 aka kafa dokar kariya daga gobara ta tashoshin ƙarƙashin ƙasa. Aka sa na'urorin gano zafi da hayaƙi, horo ya zama dole, aka kuma umarci ma'aikata su kira wuta da sunanta. Aka shiga cire matakalan katako ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshe a tashar Greenford sai 2014 aka cire ta.

Shawara ɗaya kuwa ta daɗe a aljihun tebur. Fennell ya ce a samar da oba-obar da jami'an agaji za su yi magana da juna da ita a ƙarƙashin ƙasa. Ranar 7 ga Yuli, 2005, aka tayar da bama-bamai a jirage uku da bas ɗaya a Landan, aka kashe mutum 52. Mafi munin su a layin Piccadilly ne, tsakanin King's Cross ɗin nan da Russell Square, inda 26 suka mutu. Masu ceto a cikin rami sun koma aika mutum da ƙafa ya kai saƙo sama. Kwamitin Majalisar Landan da ya binciki lamarin ya rubuta a 2006 cewa ba abin yarda ba ne a ce bayan shekara 18 da rahoton Fennell wannan gyara bai tabbata ba. Shawarar tana nan a rubuce da lambarta, amma ta shafi 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da masu motar asibiti da kamfanin jirgi, kowannensu da kasafinsa.

Cikin mutum 31 na daren 1987, akwai ɗaya da aka binne ba suna, sai lambar da aka ɗaura masa a mutuware, 115. Sai a Janairu 2004 aka tabbatar da ko wane ne, da taimakon wani ɗan ƙarfe da likitoci suka taɓa sa masa a kai lokacin tiyata. Dattijo ne ɗan Sikotland mai shekara 72, wanda ya rasa muhalli a Landan bayan rasuwar matarsa. 'Ya'yansa mata sun shekara 16 ba su san inda ya shiga ba.